Ram da had-dis duk "memori" muka ce musu, a nemo muna sunan Hausa

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Wata matsala ta taso min a gida, kuma da niz zauna nid duba sai nig ga rabinta ba ta kwamfuta ba ce, ta harshe ce. Baba na da wata tsohuwar laftof 'yar Kwatano, Core i3 ƙarni na 3, irin waɗanda sunka hito wajen 2012, ram 4GB, Windows 10 a kai. Da ita shika buga takardun masallacin unguwa da lissahin gona. Bana ta yi nauyin da in ka kunna ta bayan Magariba sai ka ci tuwo ka wanke hannu ba ta ida buɗewa ba. Ya kai ta wurin wani mai gyara, yaron ya duba ya ce mai "Baba memori ne ya yi kaɗan". Baba ya dawo gida ya sa tabarau ya zauna bisa tabarma ya goge hotunan bikin ƙanwata dut, da na sunan jikanai, da karatun tafsiri da yat tara shekara da shekaru, har kwandon shara ya kwashe, don a tunaninai memori cika yay yi. Kwamfuta ko gezau.

Da nid duba, had-dis ɗin 500GB ne, ko rabi bai kai ba. Ram yaron ka nuhi, Baba ya ji wurin ajiya. Kuma ban ga laihin kowa ba tunda abu biyu daban muka kira da suna ɗaya, ko memori ko ƙwaƙwalwa. To ku taimaka, mi za mu ce ma ram da Hausa, mi za mu ce ma had-dis, yadda dattijo zai ji ya gane ba sai an zana mai ba?

Mai gyara a bakin Babbar Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Kahin a shiga neman suna, don Allah ƙanena ka ce ma Baba ya daina amfani da ita yau ɗin nan. Abin da anka goge a had-dis bai tahi nan take ba, sunan ne kawai anka cire daga rajista, shi kayan na nan kwance sai wani abu ya hau kansa. In ba a yi ta zuba sabbin abubuwa ba ana iya tono hotunan da manhajar Recuva ko PhotoRec, amma a zuba abin da anka tono a filashi ba a cikin had-dis ɗin ba. Da SSD ne, wato sabon irin wurin ajiya da ke maye gurbin had-dis, da na ce ka yi ma Baba jaje kawai, shi yana share gurbin da kansa.

Batun suna kuwa, had-dis ai an gama, rumbu ne. Mu a shago ma haka muke faɗa wa tsofaffi.

Malamar Hausa:
Rumbu ya zauna, rumbun ajiya, rumbun adana bayanai, an daɗe ana rubuta shi haka kuma bai yi wa kowa nauyi a baki ba. Ram ne aiki. Na taɓa ganin an rubuta "ƙwaƙwalwar wucin gadi", ma'anar ta yi daidai don abin da ke cikinsa na ɗan lokaci ne, amma ku lura wucin gadi yanzu ya tafi wani wajen, ana ta cewa basirar wucin gadi, mai karatu zai ɗauka ƙwaƙwalwar roba ake nufi. Ga tsawo kuma. Ba wanda zai shiga kasuwa ya ce a ba shi ƙwaƙwalwar wucin gadi mai giga 8. Ita kanta na'ura mai ƙwaƙwalwa da aka raɗa wa kwamfuta tun da can, a rediyo da jarrabawa ta tsaya, a titi kwamfuta ta ci.

Bakano:
Ku ce faifai mana. A ɗebo daga rumbu a zuba a faifai a yi aiki, shi kenan an wuce wurin. Ku Sakkwatawa komai sai kun ja shi awa-awa.

Ɗan Mabera:
Kai Bakano, faifai ai an riga an ba CD da faifan bidiyo, kuma mafi muni shi had-dis ɗin faifai ne ke juyawa a cikinai. Ka ce ma Baba faifanka ya yi kaɗan ka ga in bai koma goge sauran hotunan ba.

Wani ɗalibi daga Dundaye:
Ni allo na so in ce, saboda ram da an ɗauke wuta komai na ciki ya tafi, kamar an wanke allo an sake sabon rubutu. Amma ina rubutawa na tuna fuskar kwamfutar ma allo ake ce mata, madannai ma wasu na cewa allon rubutu. Na janye da kaina kafin Malama ta kore ni.

Malamar Hausa:
Ba zan kore ka ba ɗana, hoton ya yi kyau, sunan ne ke da masu shi.

Mai gyara a bakin Babbar Kasuwa:
Bari in faɗi yadda abin ke aiki tukuna wataƙila sunan ya faɗo da kansa. Duk manhajar da ka buɗe sai an kwaso ta daga rumbu an ɗora a ram, don furosesa, wato abin da ke gudanar da aikin kwamfutar, ba ya jiran rumbu, rumbu saiɓi gare shi. To Windows 10 kaɗai in ta tashi ta cinye kusan rabin 4GB ɗin nan, ka buɗe Chrome da shafi bakwai takwas ga WhatsApp na kwamfuta ga Word, wuri ya ƙare. Da ya ƙare sai Windows ta fara mayar da wasu kayan cikin rumbu tana sake kwasowa, kai da kawo kai da kawo, shi kuma rumbun laftof irin na da faifai ne mai juyi 5400 a minti da wata 'yar allura da ke zarya a kansa tana neman abu, shi ne za ka ga 'yar fitilar nan ta kafe ba ta ƙiftawa kana jin ƙirr ƙirr, linzami ya ƙi motsi. Kowa na iya gani da idonsa, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shafin da zai buɗe a duba wanne ke aiki kan kashi 100. A tsofaffin nan galibi rumbun ne ke kan 100, ram na kan 80 ko 90.

Kawu:
Ni ban san boko ba sosai amma yadda yaron nan yab bayyana, wanga abu ai turmi na. Hatsi na rumbu, ba a daka shi cikin rumbu, sai an ɗebo an zuba turmi. In turmi ƙarami na, mai daka ko ƙarhinta ya kai mi sai ta yi ta zarya tsakanin rumbu da turmi, tuwo ya kai Isha'i. Kuma ba a barin hatsi ya kwana turmi, an gama an kwashe. Wanda turminai ya yi kaɗan in yaz zubar da rabin hatsin rumbu mi yar rage? Asara kawai yay yi.

Ɗan Mabera:
Allah ya ja zamanin Kawu! Wallahi abin da Baba yay yi ke nan, ya zubar da hatsi don turmi ya yi kaɗan. Kuma furosesa ta zama mai daka ke nan, ko taɓarya.

Malamar Hausa:
Kawu ya kawo mai kyau, Allah ya ƙara girma. Har kashi uku ya ɗauka, ƙanƙanta, zarya, da kwashewa bayan aiki. Inda nake ɗan jin tsoro, turmi na da wani aikin a kasuwa, turmin atamfa, kuma yaran birni da injin niƙa ya raina ba su san zaryar rumbu ba. Amma wannan ba aibi ba ne babba, linzami ma na doki ne muka ɗaura wa kwamfuta ya zauna, gizo ma ya ba mu yanarsa.

Sai dai in tambaye ku, me ya sa muke gudun ram ɗin kansa? Ram fa kalmar Hausa ce tun kafin a ƙera kwamfuta. Ya riƙe shi ram, an yi ram da ɓarawo. Kuma aikin abin ke nan, ya riƙe abin da kake yi ram har ka gama. Bature rago yake ji in an faɗa, mu riƙo muke ji, mun ma fi shi cin riba. Wadda ya kamata a kora daga bakin masu gyara ita ce memori, ita ta cinye hotunan biki.

Bakano:
To ai shi ke nan Malama ta yi ram da maganar.

Wata 'yar Arkilla:
Ni dai a matsayina na mai koyar da mata kwamfuta a gida, duka biyun zan ɗauka. In za a saya a ce ram, in za a yi bayani a ce turmi. Amma ku ba ni na SSD don shi nake sa ɗalibaina su saya kuma kullum sai na yi ta kame-kame. Tawa 2013 ce, da na sa mata SSD mai 256GB tashin da take yi cikin minti uku ya koma ƙasa da rabin minti, ban ƙara mata komai ba.

Mai gyara a bakin Babbar Kasuwa:
Haka ne Hajiya, shi ba abin da ke juyawa a cikinsa, irin na filashi ne, na SATA, wato mai shiga gurbin tsohon rumbu, na karanta wajen 500MB a daƙiƙa inda tsohon ke fama da 100 ko ƙasa, kuma ba jiran allura. Ni in mutum kuɗinsa na abu ɗaya ne SSD nake ce ya fara saya kafin ram, don ko turmin ya cika zaryar ba ta da nisa. Suna kuwa ni beben rumbu nake ce masa don ba ya ƙara.

Malamar Hausa:
Bebe kam a'a, kar mu ɗauki lalurar mutane mu yi suna da ita. Rumbu mai juyi da rumbu marar juyi ya isa, kuma gaskiyar bambancin ke nan. Wanda ya so gajarta ya ce SSD abinsa.

Wani ɗalibi daga Dundaye:
To difiragi fa? Wancan da ake cewa a riƙa yi duk wata.

Mai gyara a bakin Babbar Kasuwa:
Jeren rumbu ne kawai, a tattaro gutsattsarin fayil da suka warwatse a faifai a jera su wuri guda don allura ta huta. Windows tun daga Vista da kanta take yi a kan jadawali, ba sai ka dame ta ba. Mai marar juyi kuma kar ya sa wata manhaja ta yi masa jere, ba allurar da za ta huta, tsufa kawai zai ƙara masa.

Kuma ƙanena kar ka manta garin da muke. Laftof ɗin da ta ga hunturu goma a Sakkwato ba a buɗe ta ba, in ka cire murfin fankar za ka tarar da ƙura ta yi kamar audugar katifa ta toshe ƙarfen da iska ke bi. Ga Afrilu zafi ya haura 40. Furosesa in ta ji zafi ya yi yawa da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, sai ka ga da asuba tana tafiya lafiya, da azahar ta zama jakin Kara. A hure ƙurar, a riƙe fankar da tsinke kar iska ta juya ta fiye da kima, a goge busasshen man da ke kan furosesa a sa sabo kamar ƙwayar gero biyu, kuma Baba ya daina ɗora ta a kan katifa ko darduma, ko faranti ya kifa ya ɗora. Sai manhajojin da ke tashi tare da ita, a wancan wurin na Ctrl Shift Esc akwai jerinsu, a kashe duk wanda ba a buƙata.

Wata 'yar Arkilla:
Waɗannan ni 'yan cin arziki nake ce musu, ba a gayyace su ba sun riga mai gida zama.

Ɗan Mabera:
Hhh wannan ma na ɗauka. To yanzu in na fahimta, had-dis rumbu mai juyi, SSD rumbu marar juyi, ram shina nan ram, turmi in za a yi ma dattijo bayani, memori mun sallame ta. Bakano in kana da ƙorahi ka kai Kurmi.

Yaya mai gyara, nata turmin in zan ƙara wane iri zan nema? Na ga ana tallan DDR4 da arha.

Mai gyara a bakin Babbar Kasuwa:
Kar ka soma, ƙarni na 3 DDR3 take ci, DDR4 ko ramin ba zai shiga ba, tsagar ba wuri ɗaya take ba. Ka buɗe bayan ka gani ko akwai rami na biyu a buɗe, in akwai ka ƙara 4GB ta zama 8. Ka kuma duba Windows ɗin 64 bit ce, in 32 ce ba ta ganin abin da ya wuce 4GB, kuɗinka sun tafi a banza. Wani abu kuma, Microsoft ta rufe kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma wannan ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, ƙarni na 8 zuwa sama suke so da wata 'yar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0. In buga takarda da lissafi ne kawai aikin Baba, Linux Mint da ake sawa a madadin Windows zai ɗauke shi, amma wannan sai ka zauna da shi kwana biyu ya saba.

Ɗan Mabera:
Na dawo. Jiya na cire rumbun na haɗa da tawa ta waje, Recuva ta tono hotunan biki da yawa, wasu sun hito rabi toka-toka, na suna kam an samu sauran a wayar inna. Tafsirin ne mafi yawa bai dawo ba. Na zauna na yi ma Baba bayanin Kawu tun daga rumbu har taɓarya, ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba, sannan yac ce to shi wancan yaron mi yah hana shi cewa turmi tun hwarko, kuma nawa aka sai da babban turmin. Asabar in Allah ya kai mu zan shigo da ita shago Yaya, a hure ƙurar gaba ɗaya.

Mai gyara a bakin Babbar Kasuwa:
Allah ya kai mu. Ka zo da cajarta, kuma ka zo kahin azahar.