A ba ɗan kasuwa hayar ɗakin taro ko a gyara shi?

Ɗan Legas: Salamu alaikum jama'a. Sakatare naga hoton ɗakin taro da ka turo, iska ta yaye kwanon gabas silin duk ya zazzago. Ni dai ra'ayina kar a sake tatsar mutane kuɗin gyara. Akwai mai sayen shinkafa da yake neman sito, a bashi haya kawai kuɗin ya riƙa shiga asusun ƙungiya. Wa yake zuwa ɗakin taro yanzu? Duk maganar gari a waya ake yinta.

Sakatare: Wa alaikumussalam Yaya. Duba sunayen da ke guruf ɗin nan ka gani, kusan duk ma'aikata ne da 'yan ci-rani. Mutumin da yake fadama tun asuba da ƙaramar waya mai tocila ina zai ga abin da muke rubutawa? Ranar da malamin gona yazo maganar taki da iri ai a ɗakin nan aka taru har waje aka shimfiɗa tabarmi.

Baba Mai Goro: Yaro ne yake rubuta min ido ya yi rauni. Da gayya muka ɗaga ginin nan, wani ya kawo jaki da yashi wani ya kawo azara, mata suna ɗebo ruwa. Lokacin muna cikin jihar Kano, sai 1991 aka yanke mana Jigawa. Da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 a ɗakin nan aka zuba benci ana yaƙi da jahilci, a nan na koyi sa hannu na daina dangwale. Ban yarda a zuba buhu a ciki ba.

Ɗan Legas: Allah ya ƙara girma Baba, wallahi ba raina aikinku nake ba. Amma a tambayi kuɗin bandir ɗin kwano da katako yau, tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi kuma kullum mu na waje ake bugo wa waya. Ga masallaci ga ƙofar gidan dagaci ga firamare, wurin zama bai ƙare a gari ba.

Malama ta asibiti: Yaya duk wuraren da ka lissafa na maza ne. Wace mace ce za ta je ƙofar dagaci ta zauna da goyo? Rigakafin yara a ɗakin taro muke yi saboda asibitinmu ɗaki biyu ne, rabon gidan sauro a nan, adashen mata a nan, koyon ɗinki ma a nan aka yi. Sannan kai baka gari lokacin ambaliyar 2022, da kogin Haɗeja ya cika ya shigo unguwar gangare cikin dare ina mutane suka nufa? Da idona naga tsohuwa an kwantar da ita kan benci biyu da aka haɗa, buhunan geron da aka tsamo an jingina su a bango suna ɗigar ruwa, an ɗaura zani a tsakiya maza gefe mata gefe. Da shinkafar wani ce a ciki da kwaɗo a ƙofa fa?

Malam na firamare: Maganar Malama gaskiya ce. Ku daina lissafa firamare don Allah, duk sanda aka zuba mutane a aji karatu tsayawa yake, kujeru kuma a karye muke samunsu. Kuma sito ba ya zama sito sai da ɓera da maganin ƙwari, ko mai shinkafar ya tashi, saboda warin nan ba za a kai jarirai ciki ba.

Auta: Ni ina tare da Yaya a abu ɗaya, ɗakin a kulle yake wata da watanni mukulli yana hannun mutum ɗaya in ya tafi kasuwar Gujungu shikenan. Mu matasa a rumfa muke biyan kuɗi muna kallon ƙwallo alhali ga ɗaki. A sa sola a riƙa cajin waya da kallon wasa, 'yan siyasa ma in sun zo kamfen su biya, kuɗin ya isa gyara ba sai an roƙi kowa ba.

Baba Mai Goro: Caji na yarda. Ƙwallo da ihu kusa da masallaci sai an ji ta bakin liman.

Ɗan Legas: To wa zai riƙe kuɗin cajin? Nan fa ake samun matsala. Ni ban sauka daga maganata ba har sai naga lissafin kafinta a rubuce da sunan masu sa hannu a asusu, mutum uku ba ɗaya ba.

Sakatare: Zan kawo kafinta gobe in sha Allahu. Zama kuma ranar Juma'a bayan la'asar, na faɗa wa dagaci.

Malama ta asibiti: A sa mace ɗaya cikin ukun nan Sakatare, kuma a ba mu mukulli namu.