Mahaifiyata ta ajiye maganin hawan jini ta ce ta warke

Maman Aisha:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da waɗanda suka daɗe suna fama da hawan jini. Watanni takwas da suka wuce aka auna mahaifiyata a asibiti aka samu 168/102, likita ya ɗora ta a kan amlodipine, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ciwon kan da take yawan kuka da shi ya lafa, awon da aka yi mata na baya-bayan nan kuma ya nuna 132/84. Ganin haka sai ta ce ta warke, ta ajiye maganin ta koma shan zoɓo safe da yamma, domin wata maƙwabciyarta ta gaya mata shi ma yana saukar da jini. Tana kuma ƙorafin cewa ƙafafunta suna kumbura tun da ta fara shan ƙwayar. Shin akwai lokacin da ake daina wannan magani, kuma yaya zan shawo kanta ba tare da na ɓata mata rai ba?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Awon 132/84 ba shaidar warkewa ba ce, shaida ce ta cewa maganin yana aiki, kuma da zarar an ajiye shi jinin zai sake hawa cikin 'yan kwanaki ko makonni. Abin da ke yaudarar mutane shi ne hawan jini yawanci ba ya zuwa da wata alama, mutum zai iya yawo da 170/100 yana jin kansa garau, alhali ciwon yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya da idanu a ɓoye, har sai ranar da aka wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne daga 140/90 zuwa sama, idan an samu haka a ranaku daban-daban, kuma mafi yawan masu wannan ciwo suna shan magani ne tsawon rayuwa.

Kumburin ƙafa kuwa gaskiyarta ne, sanannen abu ne ga masu shan amlodipine. Ki mayar da ita wurin likita a wannan makon ki faɗa masa, zai iya rage ƙarfin ƙwayar ko ya sauya mata da wata. Zoɓo yana ɗan rage jini kaɗan, amma ba zai tsaya a madadin magani ba, balle yadda muke cika shi da sukari.

Baban Sadiƙu:
'Yata, shekara goma sha ɗaya ke nan ina shan nawa, kuma ni ma na taɓa yin irin wannan ganganci har sai da na kwana biyu a gadon asibiti. Shawarata ita ce ki fara da kicin. Abin da aka ƙayyade wa babba a yini bai kai giram 5 na gishiri ba, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, amma mu mukan zuba gishiri a miya, mu ƙara dunƙule uku ko huɗu, mu jefa kanwa a wake da kuka da kuɓewa, sannan mu barbaɗa yaji mai gishiri a kai. Mutane da yawa ba su san cewa dunƙule da kanwa duk suna ɗauke da sinadarin da ake gudu a cikin gishiri ba. Mai ɗakina ta rage su a hankali, ta ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, bayan wata guda harshena ya saba. Goro ma na rage shi sosai, ko da yake wannan ya fi ba ni wahala fiye da gishirin.

Game da shawo kanta, kada ki yi mata magana kamar mai ba da umarni. Ki nemi ƙaninta ko wani wanda take jin nauyinsa ya raka ku asibiti, ta ji bayanin daga bakin likita.

Maman Aisha:
Na gode ƙwarai, Baba. Muna da na'urar awo a gida, amma lambobin sukan bambanta ko da an auna a jere.

Ma'aikaciyar jinya:
Bambanci kaɗan ba matsala ba ne. Ta zauna ta huta minti biyar, ta jingina bayanta, hannunta a kan tebur daidai da ƙirji, kada ta yi magana, a auna sau biyu safe da yamma a rubuta a littafi a kai wa likita. Ki kuma bincika ko tana shan ibuprofen ko diclofenac saboda ciwon gwiwa, domin suna ɗaga jini kuma suna wahalar da ƙoda. Idan awo ya kai 180/120, ko kika ga bakinta ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya yi nauyi, ku tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.