Bayanan hanyar sigina suna tsufa kafin a yi amfani da su: ina mafita a MIMO?

ɗalibin_sadarwa:

Assalamu alaikum malamai. Ga tsarin da ke gabana a gwajin kwamfuta: MIMO ne (amfani da eriyoyi da yawa a lokaci guda), tasha mai eriya 64, wayoyi 8 a lokaci guda, 3.5 GHz, TDD (aikawa da karɓa a zango ɗaya amma a lokuta daban), tazarar 30 kHz tsakanin ƙananan zangunan sigina, wato kowane gurbin lokaci rabin milisakan ne. Wayoyin suna aiko da SRS (siginar da tasha ke auna hanyar waya da ita) duk bayan milisakan 5, tashar kuma tana saita sigina da ZF (saitin da ke hana siginar wata waya isa ga sauran). Idan masu wayar suna tafiyar ƙafa, kilomita 3 a awa, komai lafiya. Da na kai gudun kilomita 30 sai yawan datar ya rushe, kuma ko na ƙara ƙarfin watsawa ba ya motsi. Me ya sa ƙarin wuta ba ya amfani? Sannan da wanne zan fara, hasashen hanyar ko sauya ZF ɗin?

injiniya_rediyo:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka taɓa komai ka yi wannan lissafin a takarda. A 3.5 GHz tsawon igiyar sigina santimita 8.6 ne. Kilomita 30 a awa, gudun adaidaita sahu a cikin gari ke nan, mita 8.3 ne a sakan. Raba gudun da tsawon igiyar za ka samu Doppler (gocewar firikwensi saboda motsi, fd) na kusan 97 Hz. A milisakan 5 wayar ta matsa santimita 4.2, kusan rabin tsawon igiyar. Wannan ɗan matsin ya isa ya sauya yadda siginonin da suka dawo daga bango da kwanon rufi suke haɗuwa a bakin eriyar wayar.

A tsarin Jakes (lissafin yadda hanyar sigina ke sauyawa da motsi), kamannin da ke tsakanin hanyar da aka auna da ta yanzu shi ne ρ = J0(2π·fd·τ), J0 aikin lissafi ne na Bessel, τ kuma shekarun awon ne, wato lokacin da ya wuce tun da aka yi shi. Da 97 Hz, bayan milisakan 1 ρ tana 0.91, bayan 2 ta sauka 0.66, wajen milisakan 4 ta zama sifili. To awonka yana kai milisakan 5 har da ƙari kafin sabo ya zo, idan ka haɗa da lokacin sarrafawa. Rabin lokacin da awon da ba shi da alaƙa da gaskiya kake saiti.

Batun wuta kuwa, aikin ZF shi ne ya haƙa ramin shiru a daidai inda sauran wayoyin suke, kuma ramin nan ƙunci gare shi ƙwarai. Waya na gocewa daga ciki sai siginar 'yan'uwanta ta kwararo mata. Wannan katsalandan ɗin daga tasharka yake fitowa, don haka ka ninka wuta, shi ma ya ninku. Idan eriyoyin ba su da alaƙa da juna, rufin SINR (ƙarfin sigina kan katsalandan da hayaniya) kusan ρ²(M−K) / [K(1−ρ²)] ne. Sa M (yawan eriyoyi) = 64 da K (yawan wayoyi) = 8: mai tafiyar ƙafa a milisakan 5 yana da kusan 22 dB, mai adaidaita a milisakan 1 yana da 15 dB, a milisakan 2 kuma 7 dB. Rufin nan bai san da ƙarfin watsawa ba sam.

Shawarata ka fara da rage τ. Da tsarin DDDSU (gurbi uku na tasha, ɗaya na haɗaka, ɗaya na wayoyi) mai zagayen milisakan 2.5, mayar da SRS duk gurbi 5. Kuma ka duba ko SRS ɗin yana tsalle a firikwensi. Idan faɗin zangon an raba shi kashi huɗu, kowane kashi sai bayan zagaye huɗu ake sake auna shi, ainihin τ ɗinka ta ninka huɗu ba ka sani ba.

malama_sigina:

Injiniya ya gama magana kan dalili, sai dai ban so a ɗauka rage tazarar SRS kyauta ce. Gurbin SRS ƙididdigagge ne. Da tazarar tsefe 4 da juyi 12, ko tsefe 2 da juyi 8 (hanyoyin raba SRS tsakanin wayoyi), adadin wayoyin da alama guda (ɗan yankin lokaci a cikin gurbi) za ta ɗauka yana da iyaka, kuma duk wayar da ka ninka wa awo ta ci rabon wata. Abin yi shi ne a kimanta Doppler na kowace waya daga awo biyu ko uku a jere, masu gudu a ba su gajeriyar tazara, wanda ke zaune a shago a bar shi a milisakan 20 ko 40.

Kan hasashe, ɗan'uwa, akwai sharaɗi kafin ka ɓata lokaci. Tazarar awo dole ta gaza 1/(2·fd). A 97 Hz wannan milisakan 5.1 ne, kai kuma kana kan 5, wato a bakin gaɓa. A nan ko Kalman ko AR (hanyoyin hasashe daga awon baya) ko injin koyo, babu wanda zai ciro abin da awon bai ɗauko ba. A milisakan 2.5 ne hasashe yake fara ma'ana. A kilomita 120 a awa Doppler ta kai 389 Hz, sharaɗin ya koma milisakan 1.3, DDDSU mai awo ɗaya a zagaye ba zai iya ba.

Idan sharaɗin ya cika, kada ka yi hasashen kowace eriya ita kaɗai. Juya awon da FFT (lissafin da ke warware sigina zuwa sassanta) ta fuskar eriyoyi da ta firikwensi, ka koma fagen kusurwa da jinkiri. A can za ka ga ƙarfin ya taru a 'yan wurare, kowanne da Doppler ɗinsa ɗaya ko biyu, maimakon cakuɗar da ke kan eriya guda. Riƙe waɗanda suka ɗauki kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari na ƙarfin, ka sa wa kowanne AR mai mataki 2 zuwa 4, sauran ka zubar, hayaniya ce. Mataki mai yawa da gajeren tarihi hayaniyar yake haddacewa.

Abin da ke karya wannan a na'urar gaske, wanda gwajin kwamfuta ba ya nunawa sai ka saka shi da hannunka, shi ne waya ba ta da tabbacin riƙe kusurwar siginarta (phase, ba kusurwar wurin da take ba) daga wannan SRS zuwa na gaba. Sauyin ƙarfi ko gyaran lokacin aikawa yana kawo tsallen kusurwa a duk eriyoyin tare. ZF bai damu da wannan ba, amma mai hasashe zai ɗauke shi a matsayin Doppler. Cire wannan kusurwar ta bai ɗaya tukuna, ta hanyar daidaita kowane awo da wanda ya gabace shi.

ɗalibin_sadarwa:

Na gode ƙwarai, Injiniya da Malama. To idan waya ta wuce abin da hasashe zai iya fa? Na kuma karanta cewa ko tsohon bayani gaba ɗaya yana da amfani.

malama_sigina:

Gaskiya ne, aikin Maddah-Ali da Tse ke nan. Sun nuna tasha mai eriya biyu da wayoyi biyu za ta iya isar da alamomi 4 a gurbi 3 da bayanin da ya riga ya mutu, ta hanyar sake aiko da katsalandan ɗin da kowace waya ta jiyo. Sakamako ne mai kyau, amma yana son SNR (ƙarfin sigina kan hayaniya) mai tsawo da kuma kowace waya ta san hanyar 'yar'uwarta, don haka ba shi zan ba ka a 5G ba. Abin da ya shiga ƙa'idar 3GPP (masu tsara ƙa'idojin 5G) a Release 18 shi ne rahoton Type II mai hasashen Doppler, da rahoton TDCP da waya ke faɗa wa tasha saurin sauyawar hanyarta.

injiniya_rediyo:

Ga mai gudu sosai, ja da baya ake yi. Kusurwar da waya take ba ta saurin sauyawa: mota mai kilomita 120 a nisan mita 200, ko a gicciye take tafiya, digiri ɗaya kawai take ci a milisakan 100. Sai ka tara awo na wannan tsawon, ka fitar da babbar alkiblar ƙarfinsa, ka saita can. Haɗa ta da wayoyin da ke wata kusurwa mai nisa kaɗai, ko ka ba ta gurbinta ita kaɗai.

Ga na tsakiya, sauya ZF da RZF (ZF mai sassauci, α ce ke auna sassaucin, σ² ƙarfin hayaniya ne, P ƙarfin watsawa), ka sa α = K[σ²/P + (1−ρ²)]/ρ², da ρ na shekarun awon a wannan gurbin. Kada ka sa rai da yawa a 64 da 8, ribar tana fitowa ne idan K ta matso M ko wayoyin suna kusurwa ɗaya. Rage K ya fi saurin biya: a milisakan 2, daga 8 zuwa 4 rufin yana tashi daga 7 zuwa kusan 11 dB.

Ƙarin DMRS (siginar da waya ke auna hanya da ita yayin karɓar data), har uku, yana taimakon waya wajen karantawa ne kawai, ba ya gyara saitin da ya goce. Zaɓin MCS (matakin yawan datar da ake lodawa a sigina) kuma ya riƙa la'akari da shekarun awo, domin OLLA (mai gyara MCS bisa amsar waya) mai neman kuskure kashi 10 cikin ɗari, mai sauka 0.5 dB a NACK (saƙo bai isa ba) ya hau 0.055 dB a ACK (saƙo ya isa), matsakaici kawai yake bi. Gurbin da ke bayan SRS zai samu MCS ƙasa da ƙarfinsa, na ƙarshe kuma ya yi ta faɗuwa. Raba OLLA ɗin gida biyu ko uku bisa τ, sannan ka zana BLER (yawan saƙonnin da suka faɗi) na kowane gurbi daban ka turo mu gani.