Masu babban fiyano a Zariya, yaya naku yake yi da hunturu?

Malamin Kiɗa, Samaru: Assalamu alaikum. Ina so kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa game da babban fiyano, na kwance ɗin nan, ba na tsaye ba. Nawa Yamaha C3 ne, tsawonsa santimita 186, gwanjo na saye shi daga Legas. Amonsa tas yake fita, madannan kuma ba sa gardama. Amma da hunturu ya kankama sai sautin tsakiya ya fara sauka, in na haɗa murya uku sai in ji suna rigima da juna. Laifin Yamaha ne, ko kowa haka yake fama?

Mama, Wusasa: Salama gare ku. Ɗana, ba kai kaɗai ba ne. Namu Blüthner ne, tsohon gaske, gadon mahaifinmu. Kamfanin a Leipzig ta Jamus yake tun 1853. Idan ka ɗaga murfin ka duba ɓangaren siraran muryoyi, za ka ga kowace tana da tsirkiya ta huɗu wadda ƙaramar gudumar da ke bugun tsirkiyoyi ba ta taɓa ta, amsa amo kawai take yi. Shi ya sa muryarsa take da taushi da zurfi, waƙar sujada tana zama a kansa ƙwarai. Na taɓa Yamaha da yawa, ban ji wannan taushin ba. Sai dai katakon da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin ya tsage, tsaguwar har farce yana shiga, kuma wasu ƙusoshin ɗaurin tsirkiya sun yi sakwa-sakwa. A saita shi yau, kafin wata ya kewayo ya sake. Duk da haka ba zan sayar ba.

Injiniya, GRA: Ni fiyanon kamfanin Kawai na zaɓa, kuma da dalili. Koichi Kawai a wurin Yamaha ya koyi sana'ar kafin ya kafa nasa a 1927, a gari guda, Hamamatsu ta Japan. Abin da ya ja ni shi ne wasu ƙananan gaɓoɓin da ke harba gudumomin da roba mai ƙarfi suke yin su, ba katako ba, don haka ba sa kumbura da damina. A Agusta fiyanon maƙwabcina madannai na maƙalewa, nawa lafiya lau. Muryarsa ba ta kai ta Yamaha kaifi ba, wasu na ganin haka rashi ne, ni kuwa ya fi kwanta mini. Amma saukar sauti da hunturu, Malam, ni ma bai bar ni ba.

'Yar Kongo: Ni ban mallaka ba, amma na taɓa kaɗa Steinway a wani zaure a Legas. Ko a hankali ka taɓa shi, na bayan zaure zai ji. Na New York ne ko na Hamburg, duk kuɗinsa ba na wasa ba ne, kuma da ni ce ba zan kawo shi ɗakin da ƙura ke shiga ta taga ba.

Mai Saiti, Sabon Gari: Ranku ya daɗe, wannan aikina ne. A cikin babban fiyano akwai tsirkiya wajen 230, jansu gaba ɗaya ya kusa tan 20. Ƙarfe ne ke riƙe wannan jan, amma tsirkiyoyin a kan katako suke zaune. Da damina katakon ya sha danshi ya taso, sauti ya hau. Da hunturu ya bushe ya kwanta, sauti ya sauka. Fiyano yana son danshin iska kusan kashi 45 cikin 100, mu kuwa a Janairu yakan faɗi ƙasa da 20. Babu kamfanin da zai ci wannan jarrabawa shi kaɗai, ko Bösendorfer na Biyana mai madannai 97 ne.

Inda bambanci yake fitowa shi ne wajen ƙusoshi. Na Yamaha da Kawai, ko tsofaffi ne, yawanci ina jin suna riƙe ɗauri da kyau. Na Koriya irin Young Chang da na Sin irin Pearl River ina samun masu kyau, amma sai na duba ɗaya-ɗaya. Gwanjon da ya shekara da shekaru a ƙasa mai danshi shi ya fi jin jiki a shekararsa ta farko a nan.

Mama, naki akwai magani: a sa ƙusoshi masu ɗan kauri. Tsaguwar kuma in ba ta yin zuga, a bar ta. Ku sayi ma'aunin danshi, ku janye fiyano daga taga, ku rufe madannai saboda ƙura. Kwanon ruwa a ƙarƙashinsa bai isa ba, sai na'urar feshin danshi. Ku kula da ɓera, ulun gudumomi yake ci. Kuma kada a kira ni ranar da iska ta juya, a bari katakon ya zauna na 'yan makonni.

Malamin Kiɗa, Samaru: Madalla. To Malam, in za ka shigo Samaru a Janairu ka sa ni a layi. Kafin nan zan matsar da shi bangon ciki. Injiniya, wace irin na'urar danshi kake amfani da ita, kuma tana ɗauka da sola?