Neman shawara: ina son haɗa manhajar raba kuɗin gida ga 'yan ɗaki

Ɗan Agege: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina koyon haɗa manhaja a Yaba, an ce kowa ya kawo aikin kammalawa, ni kuma abin da ke cin raina a gida shi nake so in yi a kai. Mu biyar ne a ɗaki da falo a Agege, mita ɗaya. Makon jiya sha ɗayan dare mitar ta fara ƙara tana nuna jar fitila, alamar kati ya kusa ƙarewa, wallahi kowa ya juya bango kamar barci yake, don kowa gani yake shi ya sa kati na ƙarshe, dole ni na tashi na sayi na dubu 5 ina danna lambobin nan 20 da fitilar waya zufa na zuba. Haka gas, haka kuɗin mai kura, haka kuɗin bola. Tsarina shi ne kowa ya zuba kasonsa cikin manhajar farkon wata, tana biya daga ciki, da jadawalin shara da wankin bayi, wanda bai biya ba kuma sunansa ya koma ja kowa ya gani. Me zan ƙara, me zan cire?

Injiniya Ikeja: Wa alaikumus salam. Ƙanina fara cire maganar ajiye kuɗi. Da ka riƙe kuɗin mutane ka shiga hurumin CBN, Babban Bankin Najeriya, lasisi ake nema, kuma ba aikin ɗalibi ba ne. In dole sai an biya ta ciki to ka bi ta kamfanonin biyan kuɗi ta intanet irin su Paystack ko Flutterwave. Amma ni a ganina bar kowa ya tura ta OPay ko bankinsa yadda ya saba, taka ta zama littafin lissafi kawai: wa ya saya, nawa, ranar yaushe, ga hoton risit, sannan wanda aka turawa ya danna cewa kuɗi sun shigo, saboda alat na bogi. Ka sauke Splitwise, manhajar raba kuɗin kashewa tsakanin abokai, ka yi wasa da ita, wannan lissafin sun daɗe da yin shi, ka nemo abin da ba su sani ba na gidan haya a Legas. Kuma ta yi aiki ko babu data. Lambobin waya da za ka tara ma akwai dokar kare bayanai ta 2023 a kansu.

Baban Obalende: Yaro, na daɗe a Ikko tun kafin a haife ka, kuma ban taɓa ganin 'yan ɗaki sun rabu don sun kasa raba dubu goma gida biyar ba. Baƙo ne ke raba su. Ƙanin wani zai sauko daga motar Kano da jaka ɗaya a ce kwana uku zai yi kafin ya samu abin yi, sai ka ga ya yi azumi ya yi sallah, yana wanka da ruwan da aka saya yana cajin waya biyu, kuma wa zai buɗe baki ya ce a sa shi a lissafi? Lokacin da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni 2022, Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu, ɗakinmu na mutum huɗu sai da ya koma tara. To ka sa wurin da 'yan ɗaki za su yarda tun ranar farko, ana cikin raha, cewa baƙo kwana kaza kyauta ne, bayan nan kasonsa na kan mai baƙo. Jan sunan nan kuma ka cire, tonon asiri ne. Mutum kasuwa ta juya masa baya sai ka shafa masa ja a gaban yara? Babban ɗaki kaɗai ya gani, ya ja shi gefe. Sannan ka sa murya, da yawan mutanenmu karatun allo suka yi, ajami suke karantawa, shi ya sa ka ga WhatsApp ɗinsu duk saƙon murya ne.

'Yar Idi-Araba: Baba a yi min afuwa, a nan kam ban bi ka ba gaba ɗaya. Jan sunan a cire, na yarda, amma jiran babban ɗaki shi ke sa mai kunya ta yi ta biya har ta gaji. Mu uku ne, ni ce kullum mai cika tukunyar gas, in na yi magana a ce na cika ƙorafi. Manhajar ta riƙa turawa kowa tunatarwa a ɓoye da kanta, ita ba ta jin nauyin kowa. Kuma don Allah kar ka raba wuta daidai, tun da aka kai kuɗin wutar Band A, rukunin masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 muke rigima, mai rishon lantarki da dutsen guga ba ɗaya take da mai fanka da caja ba.

Dillali Mile 12: Duk kun manta babban, kuɗin haya. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma shekarar ma dunƙule ake biya, ga na ejan ga na agirimen ga kwashon, wato kuɗin ajiya saboda ɓarna. Sunan mutum ɗaya ne a takarda. In wani ya tafi gida a wata na biyar wa zai mayar masa da ragowarsa? Ka rubuta wannan tun farko, kuma ta nuna wa kowa abin da zai riƙa warewa duk wata kamar adashi.

Mai Shayi Ijora: Ni dai tambayata, manhajar za ta wanke bayin ne? In ba za ta wanke ba wanda ba ya wankewa ba zai wanke ba ko da hotonsa ka manna a ƙofa 😂

Ɗan Agege: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Asusu da jan suna na goge su. Baba, maganar baƙo ta taɓa ni don yanzu haka ɗan ƙanwar babana ne a falonmu, wata na biyu kenan, kuma ni ban taɓa sa shi a lissafin ba sai da ka faɗa. Kwana nawa kake ganin ya dace a ba baƙo, bakwai ko goma sha huɗu?