"Sabo ake wa kuka, ba mutuwa ba": ta'aziyya ce ko rage wa mamaci daraja?

Uwar Biyu: Jama'a, ku taya ni duba wannan magana. Da maigidana ya rasu, wata dattijuwa ta dafa kafaɗata ta ce, "Yi haƙuri 'yar nan, sabo ake wa kuka, ba mutuwa ba." Wallahi abin ya sosa min rai. Shekara 19 muna tare, a ce sabo ne kawai? Ai ko tsohon takalmi mutum yana sabawa da shi. Ni son sa nake yi.

Malamin Hausa: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Maganar ba ta kore so ba. Mutuwa rigar kowa ce, kullum muna jin rasuwar waɗanda ba mu sani ba, mu yi musu addu'a mu wuce ido a bushe. Zaman tare ne ke kawo hawaye.

Ƙanwar Kowa: Amma Malam, ba mu ne ke cewa "sabo turken wawa" ba? Kenan sabo ba abin yabo ba ne. Ina bayan Anti, kalmar ta yi wa aure kaɗan.

Dattijo: 'Yata, wancan turken na wanda ya ƙi barin abin da ke cutar da shi ne. Na Hajiya daban. Shekara 3 ke nan da rasuwar uwargidana. Ranar jana'iza ban yi kuka ba, har ana yaba min dauriya. Sai bayan mako biyu, na dawo gida na yi sallama a bakin ƙofa, na tsaya ina jiran a amsa. Nan ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Har yau in na ji labari mai daɗi sai na juya gefen da take zama, bakina a buɗe. A shekarunmu na ƙarshe da wuya mu ce "ina son ki", son ya riga ya narke cikin waɗannan ƙananan abubuwa. In ba sabo ba, wane suna za a ba shi?

Malamin Hausa: Ko Manzon Allah (SAW), bayan kusan shekara 25 da Nana Khadija, shekarar da ta rasu ita da Abu Ɗalib ake kira Shekarar Baƙin Ciki. Shekaru bayan haka, da ya ji sallamar 'yar'uwarta Hala, sai da ya tuna irin sallamar Khadija, abin ya motsa shi.

Ƙanwar Kowa: Na yarda da ma'anar, Baba. Amma ban yarda a faɗa wa mace ita a makon farko ba. Lokacin addu'a take buƙata, da wanda zai zauna kusa da ita ya yi shiru.

Uwar Biyu: Baba, maganar sallamar nan ta sa ni hawaye. Ni lambarsa ce na kasa gogewa a waya. Jiya ƙaraminmu ya ci jarrabawa, kafin in ankara na riga na danna ta.