Lambatun Layinmu da Keken Guragu: Ta Ina Za Mu Fara?

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku kan abin da ya dame mu a unguwarmu a nan Kano. Ni gurgu ne, da keke nake zirga-zirga, kuma tsakanin layinmu da bakin titi akwai babban lambatu wanda shara da ledojin ruwa suka toshe, sai katako guda da aka gitta a kansa. A daminar bara ruwa ya tafi da katakon, na yi kwana tara ban leƙa shagon gyaran rediyon da nake ciyar da iyali da shi ba, har Juma'a ta wuce ni ina jin huɗuba daga tsakar gida. Mu shida ne masu buƙata ta musamman a layin, biyu makafi ne. Muna so a yashe lambatun, a kuma yi mana mashigi na kankare kafin ruwa ya sauka.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya kawo mafita. Ku fara da mai unguwa da limamin masallacinku, kuma kada ku kai maganar a matsayin kukan mutum shida kawai, domin sauron da ke kwana a wannan lambatu ba ya tambayar wa ke da ƙafa. Da muka yi aikin gayya a namu layin ranar Asabar ɗin tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, mun yi kuskuren tara dagwalon a gefen hanya, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Ku tanadi motar kwasa tun kafin a ɗaga shebur.

Malam Nasiru: Ina so a tuna cewa abin da Malam Habu yake nema haƙƙi ne da doka ta tanada. Dokar Haramta Nuna Wariya ga Masu Nakasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta wajabta a gyara gine-ginen gwamnati da hanyoyin masu tafiya a ƙasa yadda mai keke da makaho za su iya bi, kuma wa'adin shekara biyar da ta bayar ya cika tun Janairun 2024. Ku rubuta takarda zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma ku ambaci dokar, ku haɗa da hoton lambatun da sa hannun mazauna layin. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku, domin wannan hatimin shi ne shaidarku ranar da za a ce ba a ga takarda ba.

Maman Sadiya: Malam Nasiru ya faɗi gaskiya, amma takarda ita kaɗai barci take yi a cikin fayil. Ni da kansilan mazaɓa zan fi matsa lamba, tunda a cikinku yake kwana. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, jama'a sun sami ƙarin hujjar tambayar inda kason yake tafiya. Kada ku je ku kaɗai: ku nemi reshen jiha na haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa, JONAPWD, ku kuma gayyaci Sarkin Guragu da Sarkin Makafi na yankinku. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake sallamar irin wannan tawaga da buhun shinkafa. Idan aka miƙo muku, ku yi godiya cikin ladabi, ku maimaita cewa kankare kuka zo nema.

Injiniya Aminu: Idan Allah ya sa aka amince, ranar aikin Malam Habu ya kasance a wurin da kekensa. Na ga mashigin da aka kashe wa kuɗi, amma ya miƙe tsaye har sai ƙarti biyu sun tura mai keke. Ƙa'idar ita ce duk tudun santimita ɗaya a ba shi gangaren santimita 12. Kada a bar tsaga tsakanin murafen kankaren da za a ɗora a kan lambatun, domin nan ƙaramar tayar gaban keke da sandar makaho suke maƙalewa, kuma a bar murfi ɗaya ko biyu da za a iya ɗagawa don yasa.

Malam Habu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe bayan La'asar za mu je wurin mai unguwa in sha Allahu. Malam Nasiru, idan na turo maka daftarin takardar a daren yau, za ka sami damar duba mini ita? Injiniya, na sa yarona ya auna, bakin lambatun ya ɗara hanya da santimita 30.

Injiniya Aminu: Ke nan kuna buƙatar gangaren mita 3.6 a wannan gefen. Ya auna ɗaya gefen ma, ku rubuta duka biyun a cikin takardar.